Na rubuta manhaja, na koma mai gadinta

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano. Shekara 3 ke nan da na rubuta wata manhajar kwamfuta ta lissafin kaya da ciniki don masu kemis da kantunan kayan masarufi, ina sayar da lasisinta naira 35,000. Alhamdu lillahi kasuwa ta buɗe, amma buɗewar ce ta zame mini ciwon kai. Mai saye zai tura kuɗi asusuna, ya turo hoton rasit ta WhatsApp, in duba alat, in kunna kwamfuta in haɗa masa lambar lasisi, sannan in tura masa. Su kuwa masu shago sai sun tashi daga kasuwa suke tunawa da ni, ƙarfe 11 na dare, wani lokaci har 1. Sau biyu ana turo mini rasit na bogi ina ba da lamba. Ranar sunan ɗana ina tsakiyar baƙi na tashi na je haɗa wa wani lamba, tun ranar uwargida take fushi, ta ce wayar ce matata. Ga shi kuma na ji wani mai gyaran kwamfuta yana saka wa mutane manhajar a naira 3,000. Abokina ya ce in koma Paddle ko Gumroad. Tsorona biyu ne: kada kamfanin karɓar kuɗi ya cinye ribar, kada kuma masu saye su ga na daina kula su. Me zan yi?

Wani ɗan'uwa daga Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya raya yaron, ya kuma huci zuciyar mahaifiyarsa, don gaskiya tana da hujja.

Da na karanta wasiƙarka sai na ga mutumin da ya ƙera wa masu shago abin da zai hutar da su daga lissafi da biro, amma nasa shagon har yanzu da biro yake tafiya. Tsakanin kuɗin mai saye da lambar lasisinsa babu komai sai kai da idonka da cajin wayarka. In ka yi barci kasuwa ta rufe, in ka je jana'iza kasuwa ta rufe. Kuma ka lura, aikin da kake yi a wannan gurbin ba ya bukatar basirarka ko kaɗan. Tambaya ɗaya ce kake amsawa: kuɗi ya shigo ko bai shigo ba? In ya shigo, ga lamba. Irin wannan aikin ne aka ƙirƙiri kwamfuta dominsa, kai ma ka fi ni sani.

Ba a kanka aka fara ba. A 1982 a Amurka, Andrew Fluegelman mai manhajar PC-Talk da Jim Knopf mai manhajar PC-File sun riƙa barin manhajarsu ta yaɗu hannu da hannu, wanda ta yi wa amfani ya aiko da cak ta gidan waya. Masu irin wannan sana'a sun yi shekaru suna buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, har aka samu kamfanoni irin su Kagi, wanda ya fara a 1994, suka ɗauke musu karɓar kuɗi da tura lambar rajista. Hoton rasit na WhatsApp shi ne ambulan ɗin zamaninmu.

Mu fara da tsoron kuɗin kamisho, don lissafi ne kawai zai kashe shi. Paystack, alal misali, wato ɗaya daga cikin kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet a Najeriya, a cinikin cikin gida tana cirar kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma abin da za ta cira ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin. A 35,000 ɗinka, naira 625 ke nan. Rasit na bogi guda ɗaya ya cinye maka kamishon ciniki 56, kai kuma sau biyu aka yi maka. Ban ma sa kuɗin barcinka a lissafin ba. Akwai Flutterwave, akwai Monnify ta kamfanin Moniepoint, duk aikin kusan iri ɗaya ne, ka duba farashinsu na ranar da za ka yi rajista ka zaɓa. Zan yi ta misali da Paystack ne don ita na fi taɓawa. In ba ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, ka yi, don a irin waɗannan kamfanonin asusun da ba shi da rajista akan sa masa iyakar abin da zai karɓa, kuma mai kemis ya fi natsuwa in ya ga sunan kamfani a maimakon sunan mutum.

Kada ka ce masu sayenka ba su saba da kati ba. Ba sai sun yi amfani da kati ba. Shafin biyan kuɗi yana iya ba mai saye lambar asusun banki ta wucin gadi wadda aka ware wa wannan cinikin kaɗai, ya yi taransifa daga wayarsa kamar yadda ya saba yi maka. A wajensa babu abin da ya canja sai lambar asusun. A wajenka kuwa komai ya canja, don yanzu kamfanin ne yake ganin shigar kuɗin kai tsaye, hoton rasit ya tashi daga aiki.

To, nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne yawancin mu muke tuntuɓe. Idan mutum ya gama biya, shafin yakan dawo da shi wani adireshi naka mai cewa an gode. Masu gaggawa sukan ɗora bayar da lamba a kan wannan dawowar. Kada ka yi haka. Adireshi ne, kowa zai iya rubuta shi da hannunsa ba tare da ya biya ko sisi ba, sannan mai gaskiya ma sabis na iya ɗauke masa kafin ya dawo, ya biya ya rasa lamba. Abin dogaro shi ne saƙon da sabar kamfanin, wato kwamfutar da take riƙe da shafinsu a intanet, take aiko wa taka sabar kai tsaye, wanda masu harkar suke kira webhuk. Ka ɗauke shi kamar ɗan aike daga banki. Shi ma ɗan aiken ba a karɓarsa da ka. Paystack tana buga wa kowane saƙo shaida ta wata hanyar lissafi mai suna HMAC SHA512 da mabuɗin sirrin da suka ba ka, sai sabarka ta sake yin lissafin ta ga ya yi daidai kafin ta saurare shi. Bayan haka ta ɗauki lambar cinikin ta sake tambayar kamfanin da kanta: wannan cinikin ya tabbata? Nawa aka biya? Ka tuna da kwabo suke lissafi, 35,000 ɗinka zai zo a matsayin 3,500,000. Ka gwada adadin da farashin da ke ajiye a sabarka, ba wanda shafin mai saye ya faɗa ba, in ba haka ba wata rana za ka sayar da lasisi a naira 350 kana barci.

Akwai wani tarko da ni kaina na faɗa. Idan ɗan aiken ya ƙwanƙwasa bai ji an amsa da wuri ba, komawa yake yi ya sake dawowa, kuma Paystack tana iya ci gaba da maimaita aiken har kwana 3. Shekarun baya na haɗa wa wata ƙaramar manhajata irin wannan tsari, na sa sai an gama tura imel sannan a amsa wa ɗan aike. Ranar da imel ya yi nauyi, mutum ɗaya ya samu lasisi huɗu a kuɗin ɗaya, kuma bai yi ƙasa a gwiwa ba wajen raba wa abokansa. Maganin ba wuya: lambar ciniki ɗaya, lasisi ɗaya. Ka sa rumbun bayananka ya ƙi karɓar lambar ciniki sau biyu, ka amsa wa ɗan aike nan take da an rubuta cinikin, tura saƙo ya biyo baya.

Hanyar isar da lambar kuma kada ta zama ɗaya. Da yawa daga cikin masu shagon nan suna da imel ne saboda sai da shi wayar Android take aiki, ba su taɓa buɗe shi ba. Ka nuna lambar a fuskar shafin da zarar an tabbatar da biya, ka tura ta tes, ka tura ta imel ɗin ma. Don imel ɗin kada ya zarce kwandon shara, ka saita SPF da DKIM, wato shaidun da suke tabbatar da cewa daga wurinka imel ɗin ya fito, a sunan shafinka, musamman tunda Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa a farkon 2024. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne shafi guda inda mutum zai sa lambar wayarsa, a turo masa lambar tabbatarwa, ya ga lasisinsa a kowane lokaci. Ina da yaƙinin in ka koma ka karanta saƙonnin darenka, da yawansu ba sabon ciniki ba ne, "lambata ta ɓata" ne da "an yi wa kwamfuta fomatin".

Yanzu mai gyaran kwamfutar nan na naira 3,000. Ban ga manhajarka ba, amma zan iya cankar yadda aka yi. Ka ce kai kake "haɗa" lamba, wato akwai wata dabarar lissafi da take fitar da ita, kuma dabarar nan tana zaune a cikin manhajar don ta gane lamba mai kyau. Wanda ya buɗe cikin manhajar ya ga dabarar, ya zama kai. Makullin da ɗan makullin ka haɗa ka miƙa wa kowane mai saye.

Gyaran shi ne ka koma hatimi. Akwai tsarin sa hannu irin Ed25519 mai mabuɗi biyu: ɗaya yana buga hatimi, ɗaya yana tantancewa kawai. Mai bugawa yana zaune a sabarka, ba ya fita. Mai tantancewa shi kake sakawa a manhajar, kuma ko an ciro shi an baje a faifai ba zai iya buga sabon hatimi ba. Lasisin sai ya zama 'yar takarda mai ɗauke da sunan shago, lambar waya, ranar saye, ranar ƙarewa in akwai, da alamar kwamfutar, sannan hatimi a ƙasa. Kada ka zauna ƙirƙirar naka tsarin, kusan kowane yaren rubuta manhaja yana da wannan a shirye. In ba ka son ɗawainiyar ma, akwai kamfanoni irin su Keygen da Cryptlex da sana'arsu ke nan, sai dai da dala ake biyansu. Hatimin Ed25519 bayit 64 ne, wato dogon jerin haruffa da lambobi, ya fi ƙarfin a karanta wa mutum ta waya ya rubuta. Don haka mai saye ya riƙe gajerar lamba, ya shigar da ita sau ɗaya da intanet, ko da ta hotsifot ɗin wayarsa ce, manhajar ta karɓo takardar mai hatimi ta ajiye. Daga nan ta yi aiki ba intanet. Wannan sharaɗi ne a wurinmu. Manhajar da za ta ce sai ta gaisa da saba kullum kafin ta buɗe, ranar da sabis ya ɗauke a Kantin Kwari za a yi ta tsine maka ne ana sallamar masu sayen kaya da biro.

Ba zan ɓoye maka ba, wanda ya ƙware kuma ya ƙudura zai iya yanke wurin tantancewar gaba ɗaya. Kamfanonin da suka fi ka kuɗi sau dubu ba su hana a fasa nasu ba. Abin da hatimi yake yi shi ne ya mayar da satar aiki mai wahala wanda sai an sake shi duk lokacin da ka fitar da sabon zubi. Kada ka wuce nan. Garin gyaran gira kada a rasa ido: duk ƙarin tsaron da ka ɗora, a kan mai gaskiya yake sauka. Kwamfutocin shagunan nan yawanci na hannu ne, wuta tana ƙona su, ana canja musu kaya, batirin agogonsu yana mutuwa kwanan wata ya koma baya shekaru. In ka ɗaure lasisi tamau da sassan kwamfuta, ko ka sa ya kulle da zarar agogo ya rikice, ka sake dawo da kiran dare ta ƙofar baya. Ka ba kowane lasisi damar komawa sabuwar kwamfuta sau 2 ko 3 a shekara daga shafin nan, ba tare da an nemi izininka ba. In lasisi na shekara ne ya ƙare, a hana shigar da sabon ciniki, amma kada ka taɓa rufe wa mutum lissafinsa na baya. Littafin bashinsa ne, amana ce a hannunka.

Ga dabarar da ta fi kowane lissafi aiki a kasuwa irin tamu. Sunan shagon da ke cikin lasisi, shi manhajar za ta riƙa bugawa a saman kowane rasit da kowane rahoto, kuma kada a iya canja shi daga ciki. Mai kemis a Wudil ba zai yarda ya miƙa wa mai saye rasit mai sunan wani kanti na Sabon Gari ba. Kunya za ta yi maka gadin da lamba ba ta yi ba.

Shi kuwa mai gyaran, da ni ne, nemansa zan yi mu sha shayi. Ya riga ya nuna yana da abin da ba ka da shi, wato ƙafar shiga shagunan da ba ka san da su ba. Tunda tsarin zai riƙa fitar da lasisi da kansa, ba wuya ka buɗe wa wakilai shafi: ya sayi lasisi 5 a farashin sari, ya biya kafin ya karɓa, ya saka wa mutanensa ya ci ribarsa. Ribar lasisi ɗaya na halal za ta iya fin 3,000 ɗin da yake samu yana waige-waige. In ya ƙi, sabon zubin da za ka fitar zai yi maganinsa.

Maganar abokinka. Paddle da Gumroad da Lemon Squeezy da FastSpring ba irin Paystack ba ne. Su fatoma ne: a takarda su ne suke sayar wa mai saye, su karɓi kuɗi, su ji da harajin ƙasarsa, sannan su ba ka naka. Amfaninsu babba ne ga mai sayarwa Turai, inda tun 2015 harajin VAT na kayan intanet yake bin ƙasar mai saye, abin da mutum ɗaya a ɗakinsa ba zai iya bi ba. Ladan fatoma kuwa da tsada, Paddle kashi 5 cikin 100 da santi 50 na dala, Gumroad kashi 10 da santi 50. Kai masu sayenka suna Singa da Dawanau, da naira suke biya, ta taransifa. Ba ka bukatar fatoma a garinku. Ranar da ka rubuta abin da baƙi za su saya, sai ka neme su, kuma kafin ka gina komai a kansu ka tabbatar da hanyar da kuɗinka zai iso hannunka a Najeriya. Ko da wa ka yi hulɗa, jerin masu sayenka da lasisinsu ya zauna a rumbunka, kana da kwafinsa a wani wuri dabam. Kagi ɗin nan da na ambata, bayan shekara 22 tana aiki, a 2016 ta rufe. Ka kuma tuna sunaye da lambobin wayar mutane ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka, kada ka tara abin da ba ka bukata.

Tsoronka na biyu ya fi na farko ma'ana, don a kasuwarmu mutum ake saye kafin kaya. Amma ka tambayi kanka, wace kulawa kake ba su yanzu? Mutum ya biya ƙarfe 11, ya zauna yana kallon waya ko ka gani ko ba ka gani ba, ka amsa masa da ido rabi a rufe. Idan lamba ta iso masa cikin minti ɗaya, kai kuma washegari da hantsi ka kira ka ce "Alhaji, na ga ka karɓa, ta hau lafiya? Bari in nuna maka yadda ake shigar da kaya", wannan kiran shi zai tuna. Za a samu dattawa biyu ko uku da za su ce su fa sai asusunka, haka ma wanda zai aiko daga Maraɗi ko Damagaram da sefa ta hannun wani. Ka bar musu ƙofa: wani shafi naka na ciki inda za ka danna sau ɗaya lasisi ya fita, bayan ka ga kuɗin a cikin asusun da idonka, kuma a lokacin aiki kaɗai.

Kada ka ce sai ka gina duka kafin ka fara. Makon nan ka buɗe asusu a kamfanin karɓar kuɗin, ka yi amfani da yanayin gwaji da suke bayarwa, ka haɗa biya da webhuk da fitar da lamba ko da tsohuwar dabararka ce. Ka gwada biyan kuɗin da bai cika ba, ka gwada aiko saƙo ɗaya sau biyu, ka gwada saƙon da ba shi da shaida, sannan ka sayi lasisi ɗaya da kuɗinka na gaske. Hatimi ya zo a zubi na gaba, tsofaffin masu saye a musanya musu lamba kyauta. Shafin wakilai ya jira sai komai ya zauna.

Ita kuwa uwargida ba sai ta jira an gama ba. Yau ɗin nan ka sa saƙon amsa kai tsaye a WhatsApp Business mai faɗin lokacin aikinka, ƙarfe 9 na safe zuwa magariba misali, ka raba layin kasuwa da na gida, ka bar wayar kasuwar a falo in dare ya yi. Ka ba ta haƙuri kan ranar sunan ba tare da ka kawo hujjar cewa abincin gidan kake nema ba, ta san wannan. Ranar da lasisi na farko ya fita da kansa kana zaune kuna cin tuwo, ka nuna mata alat ɗin.